Malam Isuhu da Bajamushensa

Ina cikin awon yara a likitar Gangara, asibitin da nake aiki, ranar kasuwa, wayata ta yi ƙara. Wani abokin karatuna ne daga Gidan Rumji. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Lawali, Malam Isuhu ya rasu. Bayan azahar za a kai shi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da wayar aljihu, na ce wa matar da ke gabana ta ɗora yaronta a sikeli. Haka na ci gaba har layin ya ƙare. Muryata ba ta sauya ba. Har yau da nake wannan rubutu jikina a sanyaye yake, kamar labarin bai gama isowa ba.

Malam Isuhu shi ya koya mana falsafa, wadda muke kira filo, a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Gidan Rumji. Mutumin Tibiri ne, dogo, mai magana a hankali, kullum da farin alli a hannun rigarsa. Cikin duk masanan da aka ce ya karantar, akwai guda da ya riƙe hannu biyu: wani Bajamushe da ya rayu ƙarnuka uku da suka wuce, masanin lissafi, wanda ya yarda cewa babu abin da ke faruwa ba tare da dalili ba, kuma hankali zai iya bin sawun dalilai har ya kai ga Mahalicci. Malam bai cika kiran sunansa ba, "mutumina" yake cewa. Mu kuwa Bajamushen Malam muke ce masa.

Wata safiya ya fitar da mu gindin itacen bedin da ke tsakar lakol, wato makarantar, ya ce kowa ya samo ganye biyu masu kama ɗaya sak. Muka yi ta tsinta muna kai masa, yana ɗagawa a rana yana nuna mana inda suka bambanta. Da muka gaji ya ce, "Mutumina ya ce Allah bai maimaita halitta. Tun da ganye ma haka yake, kada in ji wani ya ce ku duka ɗaya ne." Kuma ban taɓa jin ya auna wani ɗalibi da wani ba, ko da tagwayen da ke ajinmu.

Ba mutum ne marar aibu ba. Gardama ba ta ƙare masa, yakan riƙe mu har lokacin malami na gaba ya shige, kuma in ka ba shi amsar haddace ba ya ɓoye ɓacin ransa. Wasu iyaye sun yi ƙorafin yana koya wa yara yawan tambaya. Bai taɓa ramawa ba, a sahun gaba dai suke samunsa kowace salla.

Daminar da ta gabaci shigata ajinsa mahaifiyata ta rasu. Naƙuda ta zo mata da gardama a ƙauyenmu, can ƙasar Gidan Sori, aka ɗora ta a amalanke, aka tarar gulbi ya cika. Nan bakin ruwa ta cika, ita da abin da ke cikinta. Na koma lakol ban gaya wa kowa ba. Sai ga ranar da Malam ya zo kan babbar maganar Bajamushen: wai Allah ya san duk duniyoyin da za su iya kasancewa, kuma da yake mai hikima ne mai alheri, wadda ya zaɓa ya halitta ita ce mafi kyau cikinsu, sharrin da muke gani kuwa don ɓangare kaɗan ne ke gaban idonmu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, duniyar ga da innata ta mutu bisa amalanke bakin gulbi, ita ce ta fi kyau?"

Malam ya ajiye alli, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Lawali, mutumina na da amsa, amma ba amsar da ake ba maraya ba ce. Zamna, Allah ya jiƙanta." Bai koma kan darasin ba ranar.

Da Asabar ta zo sai ga shi a ƙauyenmu bisa moto, wato babur, ƙafafunsa duk taɓo. Ya yi wa mahaifina ta'aziyya, sannan ya shiga tambaya: yaushe naƙudar ta tashi, wa aka kira, mi ya sa aka jira. Mahaifina ya ɓata rai ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare." Malam ya ce, "Haka ne, Baba. Amma matar da za ta haihu baɗi, nata bai ƙare ba tukuna." Da zai tafi na raka shi bakin hanya, ya ce mini, "Dalili biyu ne. Akwai wanda ke wurin Allah, wannan ba mu kai gare shi. Akwai wanda ke bakin gulbi, wannan namu ne. Kada ka ɓoye na biyu bayan na farko."

Daga baya mahaifina ne da kansa ya kai maganar wurin mai gari. Tun daga nan, in damina ta kama, mace mai tsohon ciki takan ƙetare gulbi ta zauna wurin dangi kusa da likita har ta sauka. Ni kuma bayan na samu bak, takardar gama lise, sai na shiga karatun aikin jinya.

Akwai ranar da ruwan farko ya sauko muna aji, kwanon rufi ya hana mu jin juna. Malam ya jira har ruwan ya tsagaita, sannan ya ce Bajamushen ya yi misali da rurin teku, shi kuwa bai taɓa ganin teku ba, ga namu misalin. "Kowane ɗigo na da ƙararsa, kun ji ta ba ku san kun ji ba. Sai sun taru kuke cewa ana ruwa. Zuciya ma haka take." Wataƙila abin da ke faruwa da ni ke nan a kwanakin nan.

Ban samu jana'izar Malam ba. Washegari na bi ta Agye da Maraɗi na isa gidansa. Matarsa, Inna Rabi, ta ce hawan jini ne, ya daɗe da shi, bai kuma taɓa wasa da magani ba. Ya dawo daga lakol, ya ce kansa na sara, ya jingina da bango, shi ke nan.

A rumfar maza na zauna kusa da yayansa, Baba Sha'aibu, manomi ne da bai taɓa shiga lakol ba. Bayan an shafa fatiha ya juyo ya ce, "Kai da ka yi karatu wurinai, wai mi Isuhu ke koya muku?"

Na ce, "Baba, yana koya muna cewa komi da dalilinsa."

Ya ce, "Wanga ai tun muna yara muka san shi. Shi ne ya kwashe rayuwarsa a kai?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya yi 'yar dariya, sai dariyar ta karye, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Na riƙe hannunsa, idona a bushe, har ya natsu.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa da Baba Sha'aibu haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu inda shi yake tsaya musu. Ɗalibansa na bana da ya bari tsakiyar shekara, ka kawo musu mai riƙe su. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.