Zoben da Inna Ta Cire a Gaban Kamara

Shekara goma ke nan cif da rasuwar Inna, mahaifiyata Rakiya, wadda mutanen Tawa suka sani a dandali tun kafin su gan ta a talabijin. Kwana goma sha tara ke nan kuma rabona da jin muryar maigidana, tun da ya kama hanyar Aljeriya neman aiki. Na so in yi rubutu a kan Inna kaɗai, amma abubuwan biyu sun ƙi rabuwa a zuciyata.

Tun tana budurwa Inna ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo mai waƙa ta unguwarmu. Sukan ɗora ganguna da gurmi a bayan mota su nufi garuruwan karkara irin su Afala, Takanamat ko Tebaram, su share filin kasuwa bayan la'asar. Ta fito a mai fura, ta fito a ungozoma mai faɗa. Amma wasan da ya ɗaga sunanta shi ne na matar da mijinta ya tafi cirani, jakarsa kaɗai ta dawo. A ƙasarmu ta Adar, wane gida ne ba shi da mutum a hanya? Takan fito cikin kayan takaba, ba kwalli, ba ɗankunne, ta zauna gaban jakar ta soma rerawa a hankali. Mata sukan ja mayafi su rufe fuska.

Akwai abin da ƴan kallo ba su sani ba. Inna ba ta taɓa hawa dandali a wannan wasa ba sai da zoben azurfar da Baba ya saya mata wajen wani maƙerin Buzaye kafin aurensu. Takan juya fuskarsa cikin tafin hannu. Mai takaba ba ta ado, don haka muddin akwai ado ko ɗaya a jikinta, a wurinta wasa take yi, ba takaba ba. Daga nesa babu mai lura.

Ina shekara takwas masu ɗaukar fim suka zo daga Yamai. Aka ari wani gida, aka kafa kamara da hantsi, aka matso da ita har kan hannuwan Inna da ke bisa jakar. Sai mai ba da umarni ya tsayar da aiki. "Madam, zoben nan yana ƙyalli. A cire shi." Ta rufe shi da bakin zane, ya ce ana gani. Ta sauya hannu, ya ce duka biyun yake so. Kawu Idi, shugaban ƙungiyarsu, ya rage murya ya ce baƙi ne, daga nesa suka zo. Inna ta daɗe tana duban yatsanta, sannan ta zare zoben ta miƙo mini. "Riƙe mini, yanzu zan karɓa."

Bayan mako uku motar albasar da Baba ke tuƙawa ta kife a hanyar Agadas.

A zaman makoki, Kaka, mahaifiyar Baba, ta faɗa a gaban mata cewa Inna ta gwada takaba a idon duniya, ga shi ta samu ta gaskiya. Inna ba ta ɗago kai ba. Tana cikin takabar aka nuna fim ɗin. Har yau ina tuna ta zaune a ƙofar ɗaki, muryarta tana tsallako katanga daga talabijin ɗin maƙwabta, kafin wani ya yi hankali ya rage sauti.

Ta koma aiki, ta yi shekara tara tana fitowa a finafinai, akasari na ban dariya. Waccan waƙar dai ba ta sake rera ta ba, ko a wurin daka. Zoben ma ba ta taɓa cewa in mayar mata ba.

Yau waƙar tana yawo a wayoyi. Ƴan mata sukan ɗora fuskarsu a kanta, da jan baki da kwalli, suna lumshe ido. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce. Wataƙila ta yi dariya. Wataƙila ta fara duba yatsunsu.

Ranar Asabar mai zuwa tsofaffin abokan aikinta za su maimaita wasan don tunawa da ita, kuma Kawu Idi ya ce ni zan zauna gaban jakar, tunda muryarmu ɗaya. Na amsa tun maigidana yana gida, shi ma ya yi murna. Yanzu wayarsa ba ta shiga. Na yi makaranta, na san ajali ba ya bin waƙa, na san camfi ba addini ba ne. Duk da haka, duk lokacin da muka je gwaji na kai baiti na biyu sai in tsaya.

Jiya Kaka ta sauka daga motar Afala, ba ta ko sha ruwa ba ta tare ni da magana.

"An ce za ki hau dandali ki yi ma mijinki kuka tun bai mutu ba."

"Kaka, wasa ne."

"Hakanan uwarki tac ce."

Na shiga ɗaki na kwance ƙullin da zoben yake ciki, na aje a tafinta. Nan take ta gane shi, ashe ita aka fara nuna wa kafin a kai shi gidan su Inna. Na ba ta labarin ranar kamara, labarin da Inna ba ta taɓa ba kowa ba.

"Kullum da shi taka hawa?"

"Kullum, Kaka. Sai rana ɗaya."

Kaka ta jujjuya zoben a tafinta. "Ashe tsoro taka ji," in ji ta. "Ni cewa nike ba ta damu da yaron nan ba." Shekara goma sha tara tana riƙe da wannan zato. Ta kamo hannuna ta zura mini zoben, ta juya fuskarsa ciki kamar wadda ta taɓa gani ana yi. "Tahi ki yi. Duk wanda yac ce ki hidda shi, turo min shi."

Mutane suna cewa murya Inna ta bari. Ni da na riƙe zobenta, abin da na gada shi ne sanin cewa kowace fitowa da fargaba take yin ta, kuma tana fitowa, domin matan da ke zaune a tabarma ba su da inda za su yi nasu kukan sai a inuwar nata.

Ban san abin da wayata za ta kawo mini kafin Asabar ba. Zan hau dandalin, in Allah ya yarda, Kaka tana layin gaba. Masu ɗauka da waya, idan kun matso da hoton za ku ga wani abu yana ƙyalli a hannun mai takaba. Ku bar shi a wurin.