Ranar da Inna Ta Kewaya Ita Kaɗai

Kowa a gidanmu ya ɗauka jinya ita ce kada mara lafiya ya ɗaga ko tsinke. Ni na fi kowa wannan kuskuren, don ni nake yin aikin.

Da ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, sai na zama hannunta. In ba ta abinci a baki, in yi mata alwala, in ɗaura mata zani, in riƙe ta zuwa bayi. Ba ni da haƙurin jira. Abin da za ta tsaya lalube, kafin ta ankara na gama. 'Yan dubiya kuwa, ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka sai su ce, "Bari, Hajiya, ina amfanin 'ya'ya?"

Muna cikin haka na lura ruwan da nake ajiye mata ba ya raguwa, leɓenta duk ya bushe. Na titsiye ta, ta ce ba ta jin ƙishi. Ba gaskiya ba ne. Ta daina sha ne don kada ta kira ni in kai ta bayi. Matar da ta yi mini tsarki ina jaririya, ta gwammace ƙishirwa a kan in yi mata.

Da muka koma asibiti a Katsina, likita ya tura mu wajen wata ma'aikaciya mai koya wa masu irin wannan lalura harkokin yau da kullum. Na zaci tausa za a yi. Sai na ga buta, cokali da zani a kan tebur. Na ce a raina, wato tun daga Daura muka biyo mota don kallon buta?

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, me kika fi so ki koma yi da kanki?"

Na buɗe baki, ta ce, "Ba ke na tambaya ba."

Inna ta sunkuyar da kai. "Kewayawa."

Daga zani aka fara: Inna ta jingina da bango, ta danne gefe ɗaya da ƙugunta, ta zagayo da ɗayan da hagu ta soke. Zanin ya zame, na zabura.

"Zauna a kan tafin hannunki," in ji ma'aikaciyar. Na zauna, kamar 'yar firamare. Sai a karo na huɗu ya tsaya.

A gida kafinta ya yi mana kujera mai rami ta zama a bayi. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur ya yanko mini guntun tiyo na zura wa cokali, don ya yi kaurin riƙo. Abin da ya fi wuya shi ne kame hannuna.

Rannan Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga Baure ta tarar Inna na ci da hagu, miya na ɗiga mata, ni kuma ina zaune.

"Ke ba ki da imani ne? Uwarki na ci da hagu kin zuba mata ido? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Gwaggo, ba mutane ke kwana da ƙishi ba."

Inna ta ajiye cokali. "Gwaggon yara, an tambayar mini malam, ya ce ci da hagu ba laifi, tunda lalura ce. Wannan yarinyar kuma da kike gani ba ciyarwa take yi ba, ɗura take yi mini. Ban haɗiye ba ta kawo wani."

Gwaggo ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Wata safiya ina shara na ji ƙarar ƙyauren bayi. Na leƙa ɗaki, ba Inna, ba sandarta. Na tsaya riƙe da tsintsiya, ƙafata na ƙaiƙayi. Ta daɗe. Can ta fito tana dafa bango, zani a karkace, amma a ɗaure.

Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ciko mini babban kofin nan."

Ta shanye tas. 

A ranar na yanke shawarar kiran mai walda ya kafa mata ƙarfen dafawa daga ɗaki har bayi. Da zarar ya gama, zan koma shagona na ɗinki, in bar mata gidan daga hantsi zuwa azahar.