Ranar da Na Kai Ƙarar Yaya Isiyaku

Tun kafin 'yan gidanmu su riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Damina ce, ba a daɗe da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki karon farko ba, masara ta fara gemu a bayan gidanmu a Jiwa. Ni kuwa ina maƙale a reshen mangwaro, bakina duk ruwan gwaibar da na sato, ina leƙen babban wanmu Isiyaku da ya dawo hutu daga jami'a. Yana zaune a kan turmi da wani littafi mai kaurin bulo. Ya karanta kaɗan, ya ɗago kai, ya ce da littafin, "To wa ya faɗa maka haka?" Ya sake karantawa, ya ce, "In haka ne, me ya sa?" Na kasa kunne in ji littafi ya ba shi amsa. Shiru.

A firamarenmu kuwa doka a fili take. Malam ke tambaya, yaro ya amsa ko ya miƙa hannu a zuba masa bulala. Muna rera jadawalin lissafi kamar waƙar daka, mu share fili da tsintsiyar kwakwa, a tashe mu mu ruga rafi kamun kaguwa. Wanda duk ya ɗaga hannu ya yi tambaya, mun san kansa ba ya ja. Saboda haka da na ga mutumin da aka yanka wa zakara ranar tafiyarsa, wanda aka ɗauke wa tulin doya da korar birai, yana ta tambaya kamar baƙo a tasha, sai na gane an cuci gidanmu. Na diro, na nufi wajen Baba da fuskar mai kai labarin rasuwa. Na ce Yaya bai san komai ba, ni shaida ne.

Ban san na taɓo inda ke yi wa Baba ƙaiƙayi ba. Lokacin ana ta fasa daji za a gina sabon birnin tarayya, tifofi na wucewa da yashi, kamfanoni na neman duk wanda ya iya riƙe biro su ba shi akawu. Sa'o'in Yaya har sun sayi babur, suna zuwa gida da rediyo a kafaɗa ana ce musu oga. Baba dama yana ta juya maganar a ransa. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya kira Yaya, ya ce in karatun ya gagara ba abin kunya ba ne, gobe sai su je wajen kamfani. Inna ta bar tankaɗe ta matso. Ni na zauna kusa da Baba, na harɗe ƙafa kamar muhutin alƙali.

Yaya bai yi fushi ba, dariya ma ta so ƙwace masa. Ya ce malaminsu ba ya son a haddace masa littafi, ya ba su ne su karanta, kuma duk wanda ya koma ba tambaya a hannunsa, a bakin ƙofa zai tsaya. Baba ya ce to a ji irin tambayar. Yaya ya ce mai littafin ya rubuta cewa in aka kafa birni, ƙauyukan kewaye sukan yi arziki. "Ni kuma so nake in ji, Baba, wanda aka yi gini a gonarsa, ina ya koma? Da shi aka lissafa arzikin, ko bayan ya tashi aka ƙirga?"

Daga nesa ana jin gurnanin katafila. Can Baba ya gyara hula ya ce, "Ashe littafi ma ana titsiye shi. Koma ka tambayo, ka ce ni na aiko ka." Aka fashe da dariya, Inna ta ce a kamo kaza.

Yau inda na kori birai gidaje ne masu ƙofar ƙarfe, ni kuma karatuna bai wuce firamare ba, tashar motar Utako ce ta ba ni sauran digirin. Jikata tana jami'a, a waya take karanta nata littafin, amma in na ji ta tsaya ta ce "me ya sa?" sai in ji ƙamshin masarar nan ya dawo mini. Na yi kewar tabarmar da ake zama a kanta a saurari yaro.

Sai dai a ranar nan zaman bai tashi ba sai da na nemi wanke kaina. Na miƙe na ce ni dai tun da na shiga makaranta ban taɓa tambayar malam komai ba, don komai ganewa nake. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga figar kaza ba, ta ce, "Allah sarki, Sale. Ashe shi ya sa malam ya kasa rabuwa da kai, shekara biyu ke nan kana aji uku."