Shozo Mai Ɓare Ƙofofi

Duk garinmu babu mai taurin kai irin Kuwabara Shozo, kuma ni da na shekara tara ina sakatariyar ƙungiyar tarihin garin na fi kowa sani. Mu biyar ne a ƙungiyar, autanmu shekararsa sittin da takwas. Ofishinmu ɗaki guda ne a tsohon gidan waya, cike da garemani, fitilu, hotuna da takardun da ƙwari suka riga mu karantawa.

Sana'ar Shozo gyaran ƙofofin takarda, irin waɗanda ake turawa gefe. Kakanninmu ba sa zubar da takarda. In ta gama aikinta sai a liƙa ta a cikin ƙofa, wata kan wata, don ƙofar ta yi ƙarfi. Saboda haka da Shozo ya ji za a rushe tsohon gida, sai ka gan shi da 'yar motarsa yana roƙon ƙofofi. Ya jiƙa su da ruwan ɗumi, ya riƙa ɓare takardun da tsinken gora, ya shanya mana su har kan kujeru.

Waƙar dashen shinkafa yake nema. Baiti goma sha biyu ce, ambaliyar da aka yi muna yara ta tafi da rubutunta. Cikin masu rera ta Iya Tomeko kaɗai ta rage, shekararta casa'in da uku, kuma baiti bakwai take tunawa. Duk ranar da ta bar duniya, ko muryar waƙar ba mai sani.

Ina ce masa, "Shozo, ka mayar mana da ofis bola. Wa zai liƙa waƙa a ƙofa?"

"Malama, ke dai dafa shayi. Wanda ya liƙa takardar sakin matarsa, me zai bari?"

Shekara shida yana yi. Ranar wata Talata da hantsi, a jikin wata ƙofa da ya kwaso daga gidan wani mai rini, ya ɓaro rabin takarda mai rubutun yara. Baiti na takwas ne, layi biyu kacal, sauran ya yage. Wallahi raina ya ɓaci. Shekara shida, layi biyu!

Shi kuwa ya sa ta cikin leda, ya ja ni gidan Iya Tomeko, ina riƙe da rikodar ƙungiya. Muka same ta tana shan hantsi a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya karanta mata da muryarsa mai kama da ta tsohon injin niƙa.

Ta yatsine fuska. "Kai yaro, waƙa kake ko kiran akuya? Ba haka ake yi ba."

Ta ɗauki layin farko a hankali, ta ɗauki na biyu. Inda takardar ta yage, ita ba ta tsaya ba. Ta zarce zuwa na tara, na goma, tana buga gwiwa da tafin hannu, har ta dire na sha biyu. Shozo na ta sharar hawaye da hularsa. Ni kuwa sai a lokacin na ga rikoda a cinyata, ban kunna ba.

"Iya, ki yafe ni, ban ɗauka ba."

"To kunna mana, 'yar nan," in ji ta. "Ai waƙar ta dawo gida. Sau nawa kuke so?"