Agogon da Kawu ya tura gaba

Kawuna mai gyaran agogo ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya yarda da abu kai tsaye ba. In ka kawo masa agogo ka ce faɗuwa ya yi, sai ya buɗe bayansa, ya sa gilashi a ido, ya ce ruwa ya sha. Haushin abin shi ne yawanci gaskiyarsa ce, wannan kuwa ya ɓata shi.

Mutum ɗaya ya amince wa a duniya, autarsa. Da ta yi aure, mijin ya tafi da ita can gabas mai nisa inda yake aikin asibiti.

Wata rana da azahar ina shagon ta kira. Kawu ya tambaye ta ko ta ci abincin rana.

"Baba, ai nan har mun yi magariba," in ji ta.

Ya leƙa waje, rana na tsakiyar ka. Ya dubi agogunan bango, duk bakinsu ɗaya. Da ya ajiye wayar sai ya ce min, "Mijin nan kulle ta ya yi a ɗaki marar taga. Yarinya ba ta san dare ba, ba ta san rana ba."

Na ɗauko lemo da tocila. Na nuna masa duniya dunƙulalliya ce, tana juyawa, na gabas su ke fara samun rana, su fara rasa ta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai da shi kun yi waya ke nan?" Ya karɓe lemon ya ɓare.

Bai tsaya nan ba. Ya saita wani agogon hannu da kansa, ya aika mata. Ta turo hoto tana murmushi sanye da shi, amma an murɗa allurar gaba. Kawu ya ce ga hannun surukinsa nan ƙiri-ƙiri. Ya kira bawan Allah ya wanke shi tas, ya ce ya dawo masa da 'yarsa. Auta ta karɓi wayar tana kuka.

"Baba, in mijina maƙaryaci ne, ni ma maƙaryaciya ce ke nan."

Na ji tausayin Kawu, na kuma ji haushinsa, don shi ya jawo.

Bayan haka ya sauke wani agogon bango, ya tura shi gaba daidai da lokacin da suka ce nasu ne, ya rataye kusa da kujerarsa. Masu kawo gyara kan ce masa wancan ya yi gudu.

"Tarko ne," yakan ce. "Ƙarya ba ta daɗewa ba ta yi tuntuɓe ba. Ranar da ta kira ta faɗi lokacin da ya saɓa wa wannan, na kama su."

Kullum da safe agogon nan yake fara gogewa. Har yau bai kama kowa ba, don har yau Auta ba ta kira ba.