Hoton Kabo Mai Rijiya

A ƙauyukan da ke kewaye da Sandamu, in ka sha ruwan rijiya, da wuya a ce babu hannun Kabo a ciki. Shi ke haƙa, shi ke yasa, shi ake kira in guga ya tsinke ko akuya ta yi gangancin leƙawa. Murjanatu ta zauna da shi shekara ashirin da 'yan kai. Ita tana tuyar ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa, shi yana dawowa gida da laka har cikin kunne, ta yi ta mita tana ɗebo masa ruwan wanka. Mutum ne mai yawan dariya, ga wushirya, ga idon hagu da ya saba kannewa saboda yawan ɗaga kai yana kallon haske daga ƙasan rami. Tsoro kuwa ba ta taɓa ganinsa a fuskarsa ba. Rijiyar da samari ke leƙawa su ja da baya, shi da waƙa yake sauka cikinta.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Malamin da ya karantar da shi yana yaro ne ya ce musu hoto ba kyau. Malamin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan malamin ma yanzu kowa da hotonsa a waya, amma Kabo ya riƙe maganar gam. A wurin biki ko suna, da ya ga an ɗaga waya sai ya juya ƙeya ko ya rufe fuska da hula. Hotunan aurar da 'yarsu ta fari akwai shi a ciki, amma ƙeyarsa ce, wani wurin kafaɗa. Murjanatu takan ce masa, "Malam, sai ka ce wanda ya yi sata ake nema." Shi kuma ya ce, "Ga ni kullum kina gani, me za ki yi da na takarda?"

Shekarar da aka buɗe rajistar masu zaɓe, sai ƙanenta Sabiru ya tashi da neman kujerar kansila. Sabiru mai baki ne, irin mutumin da zai gaishe ka sau uku a wuni in yana son abu a wurinka. Ya bi gida-gida yana roƙon duk wanda ba shi da kati ya je ya yi. Kabo ya ce masa yana tare da shi a zuci, zai kuma yi masa addu'a, amma ba zai zauna gaban kyamara ba.

Nan fa Murjanatu ta ɗaure fuska. Ta ce ɗan'uwanta namiji guda ne, in mijinta bai tsaya masa ba, wa zai tsaya? Ta daina yi masa hira. Ta riƙa dangwarar masa da tuwo ta juya. Kabo ya yi wasa, ya yi lallashi, ya sayo mata rake, duk a banza. Shirun Murjanatu ne ya fi ƙarfinsa. Wata ranar Talata ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan babur ɗin Sabiru, suka nufi ofishin rajista a Sandamu.

Ya dawo da la'asar ba dariya. Ta hango gefen takarda a aljihunsa, takardar shaida mai hoto da ake ba mutum kafin katin ya fito, ta ce ya kawo ta gani. Sai ya wuce murhun da take tuya, ya cusa takardar cikin wuta. Ita kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce ai katin zai fito, za ta gani ko ya ƙi ko ya so. Duk wannan wahala, Sabiru ko zaɓen fidda gwani bai tsallake ba.

Katin bai fito ba sai bayan damina, Kabo kuwa bai ga ƙarshen daminar ba. An kira shi yasar wata tsohuwar rijiya a ƙasa mai rairayi, ashe ruwa ya riga ya ci gindinta. Yana ƙasa bangon ya rufto masa. Mutanen gari sun wuni suna tono kafin a fito da shi. Da aka yi masa wanka aka naɗe shi, Murjanatu ta zo yi masa addu'a, ta kai hannu za ta buɗe fuskar, sai yayansa ya dafe likkafanin ya ce, "Ki yi haƙuri, Murjanatu. Ki bar shi yadda kika san shi."

Ta bar shi. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne fuskar mutum ma tana gudu daga zuciya. A farkon takaba in ta rufe ido tana ganinsa sarai. Kafin ta fita takabar, muryarsa na nan, warin lakarsa na nan, wushiryar na nan, amma in ta nemi haɗa fuskar gaba ɗaya sai ta watse mata. 'Ya'yansu mata biyu duk ita suka ɗebo, ko kunnensa ba wadda ta ɗauka. Yayan nasa kuma uba kawai suka haɗa, ba su yi kama ba. Ta karɓi wayar 'yarta ta yi ta kallon ƙeyar nan a hoton biki har hawaye ya hana ta gani. Abin ya tsorata ta ƙwarai, ta kuma ji kunyar faɗa wa kowa. Wace mace ce za ta ce ta fara manta fuskar mijinta tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba?

Da ta ji an ce katuna sun iso, ta sa Sabiru ya kai ta ofishin rajistar. Layi ya kai bakin titi, ta tsaya cikin rana har aka zo kanta. Ma'aikacin wani matashi ne da ake kira Malam Usman, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tambaye ta sunanta.

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Na maigidana ne."

"Sai dai ya zo da kansa, baiwar Allah. Ba a karɓar wa wani."

"Ya rasu."

Usman ya ajiye biro ya yi mata ta'aziyya. Sannan ya ce katin mamaci ba ya fita daga ofis, don akwai masu neman irinsa su aikata abin da bai dace ba. Sabiru ya fara nasa, wai shi ɗan takara ne, an san shi a nan. Murjanatu ta ce, "Yi mana shiru, Sabiru." Ta juya wurin ma'aikacin. "Ɗan nan, ba zaɓe zan yi da shi ba. Hotonsa ke nan guda a duniya. Gani kawai zan yi."

Usman ya dube ta, ya dubi layin da ke bayanta, ya ce a faɗa masa sunan. Sabiru ne ya faɗa, don ita bakinta bai taɓa kiran sunan mijinta ba. Usman ya jawo wani akwati ya yi ta bin katuna da yatsa. Can ya zaro ɗaya ya ajiye a gabanta, ya danne gefensa.

Hoton bai fi kan babban yatsa ba. Wani mutum ne ba hula, baki a rufe gam, idanu biyu a gwale, don an sa shi ya buɗe wanda yake kannewa. Wuya a sandare kamar ragon da ya ga wuƙa. Tsoro ne a fuskar, tsoro zalla. Ta gane rigar, don ita ta ɗinke wuyanta da baƙin zare. Mutumin da ke cikin rigar ne ba ta sani ba.

Sabiru ya zaro waya ya ce a hankali, "Yaya, in ɗaukar miki?" Usman ya kau da kai kamar bai ji ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta tuna takardar da ya cusa a wuta, ta tuna dariyar da ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "A'a. Ya ce ba ya so." Ta tura katin da yatsa, ta yi godiya, ta fita.

Murjanatu na nan har yau tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana ɗebo ruwa a rijiyar da mijinta ya haƙa a bakin masallaci. Ba ta sake yi wa kowa zancen hoto ba. Amma tun daga ranar, in ta rufe ido ta nemi Kabo, ko wushiryar ba ta zuwa. Mutumin katin ne ke zuwa, baki a rufe, yana kallonta a tsorace daga kujerar da ta tura shi ya zauna.