Zanen Kawu a Asibitin Haƙori

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana zana allunan talla na shaguna. Kan aski, kifi, kwalbar lemo, duk abin da mai shago ya ce. Sai da ya haura hamsin, shekarar da aka rushe gidan da shi da mahaifiyata suka tashi a ciki don a faɗaɗa titi, ya yi wani zane da babu mutum babu dabba a cikinsa. Kore ne mai duhu, jan tsatsa ya gangaro ta gefe, sai wani siririn layi rawaya a ƙasa.

"Wannan kuma fentin ne ya zube?" in ji matarsa.

Mama kuwa da ta gani sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce bangon ɗakin mahaifiyarsu ne, layin nan kuma hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da safe.

Daga nan ya rage aikin allo. Ya yi irin wannan zane da yawa, har aka taɓa baje su a wani zaure, mutane suka zo suna karkata kai. Na farkon nan kaɗai aka saya. Wani likitan haƙori ne ya ɗauka, ya rataye a ɗakin jira.

Ba a jima ba Kawu ya fara zuwa can. Yakan zauna a bencin da ke fuskantar zanen, tsakanin masu kumburarren kunci.

"Baba, yau wane haƙorin ne?" ma'aikaciyar da ke kiran marasa lafiya takan tsokane shi.

"'Yata, kira na gaba. Nawa ciwon ba a cire shi."

Ta saba da shi, har takan rage ƙarar talabijin in ya shigo.

Bara likitan ya koma wani gari da kayansa duka. Kawu ya je ya tarar ana sayar da wayoyi a wurin. Na ce masa ya sake zana wani mana, tunda hannunsa ne. Ya gwada. Ya yi ta haɗa koren yana gogewa.

"A lokacin ɗakin nake gani," ya ce mini. "Yanzu in na rufe ido zanen nake gani, shi ma ya fara dishewa."

Har yanzu yana fita shagonsa na zanen allo. Kwanan baya ya sa na nemo masa lambar likitan. Bai kira ba tukuna. Ya ce bai san abin da zai ce wa mutumin ba.